Ranar Da Na Ja Dakarun Rasha A Kan Teburi

Mai karatu, a ƙarshen shekarar 2019 wani aikin bincike a kan tsofaffin rubuce-rubucen Hausa ya kai ni birnin Hambug na ƙasar Jamus, inda na shafe wata uku cikin hunturun da ban taɓa ganin irinsa ba. Wata ranar Juma'a da yamma abokin aikina, wani Bajamushe mai jin Hausa kamar jakin Kano, ya leƙo ofis ya ce mini, "Malam, gobe kada ka zauna a ɗaki sanyi ya cinye ka. Ka shirya mu je yaƙi." Na ɗauka raha ce irin tasa. Ashe da gaske yake, domin kuwa washegari ya kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin gidan taron unguwarsu, inda na tarar da magidanta kusan goma, ciki har da likitan haƙori da direban bas da wani malamin makaranta mai ritaya, sun kewaye wani faffaɗan teburi suna muhawara a kan nisan da harsashin tanka zai iya kaiwa.

Teburin nan, mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, an mayar da shi wani yanki na ƙasar Rasha. An shimfiɗa masa koren ƙyalle, an yayyanka tabarmar goge ƙafa an yi gonakin alkama da ita, ga layin dogo ya ratsa gefe guda, ga ɗan tudu a tsakiya, ga wasu 'yan gidaje na katako. A kansa kuma an jera tankokin yaƙi waɗanda girman kowace bai wuce akwatin ashana ba, da sojoji masu tsawon milimita 15, kowanne an zauna an yi masa fenti da hannu har maɗaurin hularsa. Kayan aikin ɗan wasa su ne tef irin na tela, da ƙwayoyin nan masu fuska shida da ake jefawa a wasan ludo, sai wani littafin dokoki mai kauri. Aka ce mini yaƙin da za a maimaita ranar shi ne na Prokhorovka, kuma tunda ni baƙo ne, an girmama ni da jagorancin dakarun Rasha.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne raini. Na ce a zuciyata, ga manyan mutane da furfura suna wasan yara. To amma sana'ata nazarin harshe ce, kuma na san cewa a Hausa akwai kalmomi biyu da muke rubutawa iri ɗaya, karin sauti ne kawai ya raba su: akwai wasa na raha da nishaɗi, akwai kuma wasa na wasa wuƙa. Da na bi tarihin wannan abu sai na tarar da cewa ma'ana ta biyun ce ta haife shi.

A shekarar 1824 wani matashin hafsan sojan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gyara wani wasa da mahaifinsa ya ƙirƙira, ya gabatar da shi ga shugaban hafsoshin ƙasar, Janar von Müffling. Ana yin sa a kan taswira ta gaskiya, ana wakiltar rundunoni da 'yan ƙananan tubala, ja da shuɗi, akwai alƙalin wasa wanda shi kaɗai ya san komai, akwai kuma ƙwayar jefawa domin ta tsaya a madadin sa'a da tsautsayi. Janar ɗin ya gamsu cewa horon yaƙi ne na sosai, ya ba da shawarar a riƙa yin sa a rundunonin ƙasar. Sunansa da Jamusanci Kriegsspiel, wato wasan yaƙi. Bayan da Furusiya ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayonsa. Daga barikin soja ya fito zuwa gidajen farar hula: marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya wallafa littafin dokokin wasa da sojojin dalma a 1913, sannan a Amurka kamfanin Avalon Hill ya fitar da PanzerBlitz a 1970 da Squad Leader a 1977, waɗanda suka sa fagen yaƙin Jamus da Tarayyar Sobiyet ya zama abin so ga masu wannan sha'awa.

Mu a nan, abin da muka fi sani game da yaƙin duniya na biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, shi ne labarin 'yan Bama, domin can aka kai sojojinmu. Amma fagen da ya fi kowanne cin rayuka shi ne na gabashin Turai, wanda ya buɗe ranar 22 ga Yuni, 1941, lokacin da sojojin Jamus da na ƙawayenta fiye da miliyan 3 suka afka wa Tarayyar Sobiyet. Bayan shan kashin da Jamus ta yi a Sitalingirad a farkon 1943, Hitila ya nemi farfaɗowa da wani babban farmaki a yankin Kursk, wanda aka fara ranar 5 ga Yuli. 'Yan Sobiyet sun samu labarinsa tun da wuri, saboda haka suka shafe watanni suna haƙa ramuka da binne nakiyoyi, layi bayan layi. Duk da haka, a ɓangaren kudu rundunar tankokin SS ta biyu, ƙarƙashin Paul Hausser, ta kutsa har kusa da wata tashar jirgin ƙasa mai suna Prokhorovka. A nan ne, ranar 12 ga Yuli, aka turo mata rundunar tankoki ta biyar ta Janar Pavel Rotmistrov. Matsayin Rotmistrov aka ba ni.

Alƙalin wasanmu, wani mutum shiru-shiru mai kimanin shekara hamsin, ya bayyana mini halin da nake ciki. Ina da tankoki 40 a kan teburi, abokin karawata, wato malamin nan mai ritaya, yana da 20. To amma igwar tankokinsa ta fi tawa cin nisa, musamman 'yan ƙalilan ɗin da ake kira Tiger, masu igwar milimita 88, wadda ke iya fasa tanka ta T-34 daga nisan fiye da kilomita guda, alhali tawa mai milimita 76 ba ta iya huda gabanta sai an matso ƙwarai. Bugu da ƙari, yawancin tankokina ba su da na'urar oba-oba, don haka doka ta ce da zarar na ba rukuni umurni, ba ni da ikon sauya shi sai bayan zagaye biyu. Na yi lissafi irin na malamin makaranta, na ga dabara ɗaya ce ta rage mini: in sake su da gudu su rufe tazarar kafin a gama da su. Daga baya na samu labarin cewa wannan ita ce shawarar da Rotmistrov ya yanke.

Zagaye na farko da na biyu sun yi mini daɗi. Tankokina suka gangaro daga tudun nan, suka banke sojojin ƙasa na Jamus da ke gabansu, har na fara murmushi ina duban abokina. Masu iya magana sun ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. A zagaye na uku alƙali ya miƙa hannu ya ɗage wani siririn ƙyalle da ke gindin tudun, sai ga dogon gwalalo ya bayyana, ya ratsa fili daga wannan gefe zuwa wancan, babu mahaya sai wata 'yar gada guda. Tankokina na gaba suka rufta ciki, na baya suka karkata suka cunkushe a bakin gadar, ni kuwa ba ni da halin janye umurni. Dattijon nan ya gyara tabarau, ya shiga jefa ƙwaya a tsanake. Duk tankar da ta ƙone sai a ɗora mata 'yar auduga baƙa. Kafin a kai zagaye na shida, 27 daga cikin 40 ɗina suna ɗauke da auduga, nasa kuwa uku ne kacal.

Na ce wa alƙali wannan zamba ce, don me ba a gaya mini akwai rami ba? Ya amsa da cewa sojojin Sobiyet ne da kansu suka haƙa ramin domin tare tankokin Jamus, Jamusawa suka ƙwace wurin kwana ɗaya kafin yaƙin, sannan aka tura matuƙan Rotmistrov cikin gaggawa ba tare da an yi la'akari da shi ba. Ya ce abin da ya same ni a kan teburi shi ne ya sami runduna ta 29 a gindin tudun da taswira ke kira 252.2. Na karanta labarin yaƙe-yaƙe da dama a rayuwata, amma ban taɓa jin nauyin kalmar "umurni" ba kamar a wannan minti da nake kallon kayana suna tafiya zuwa halaka, na san haka, kuma ba ni da bakin tsayar da su. Gani ya kori ji.

Shekaru da yawa littattafan Sobiyet suna ba da labarin Prokhorovka a matsayin ranar da aka karya tankokin Jamus. Da aka buɗe rumbunan takardu bayan rushewar Tarayyar a 1991, masana irin su Valeriy Zamulin na Rasha da Karl-Heinz Frieser na Jamus suka nuna cewa akasin haka ne ya faru: Rotmistrov ya shiga da tankoki fiye da 600 a kan kusan 300 na Hausser, ya yi asarar fiye da 200 ƙurmus, su kuwa Jamusawa waɗanda suka rasa har abada 'yan kaɗan ne. Sitalin ya fusata har ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Malenkov. Amma duk da haka Jamusawa ba su kama Prokhorovka ba. Washegari, 13 ga Yuli, Hitila ya sanar da manyan kwamandojinsa cewa zai dakatar da farmakin, domin sojojin Ingila da Amurka sun sauka a tsibirin Sisili tun ranar 10 ga wata, kuma 'yan Sobiyet sun buɗe wani sabon farmaki ta wajen Orel. Ranar 5 ga Agusta Orel da Belgorod suka koma hannun Sobiyet, Kharkov ta bi su ranar 23. Bisa ƙa'idar wasanmu dai an ci ni, kuma ci mai muni. Sai dai teburin ba shi da wurin nuna cewa duk Tiger da Jamus ta ƙera ba su kai 1,400 ba, alhali T-34 da aka ƙera a lokacin yaƙin sun haura 50,000.

Wannan ya kai ni ga tambayar da ta fi damuna: shin waɗanda suka shirya yaƙin na gaskiya ba su yi irin wannan wasa ba ne? Sun yi. A ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba na 1940, wani babban hafsa a hedikwatar sojan Jamus ya jagoranci wasannin yaƙi domin gwada shirin mamaye Tarayyar Sobiyet. Wasannin sun nuna cewa ƙasar tana daɗa faɗi gwargwadon yadda aka nausa gabas, cewa dakarun da ake da su da ƙyar za su wadatar, kuma tilas a tsaya a tsakiyar hanya a jira mai da harsashi da abinci. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Faɗin layin dogon Sobiyet milimita 1,524 ne, na Jamus 1,435, saboda haka jirgin Jamus ba ya hawansa sai an sake shimfiɗa shi. Rundunar da duniya ke ganin ta injuna ce ta shiga Rasha da dawakai fiye da 600,000. Ga kuma taɓon kaka da na bazara wanda ke haɗiye mota har gatari. An ji duk wannan, amma ranar 18 ga Disamba Hitila ya sa hannu a kan umurnin mamayar. Hafsan da ya jagoranci wasannin kuwa shi ne Friedrich Paulus, mutumin da ya miƙa wuya a Sitalingirad ranar 31 ga Janairu, 1943. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

A Mosko ma an yi. A watan Janairu na 1941 manyan hafsoshin Sobiyet sun yi nasu wasannin a kan taswira, inda a na farko Janar Zhukov ya ja ɓangaren abokan gaba, Janar Pavlov ya ja na gida. Bayan wasannin Sitalin ya naɗa Zhukov shugaban hafsoshi. Shi kuwa Pavlov, da yaƙin gaskiya ya zo rundunarsa ta tarwatse cikin 'yan kwanaki, aka ɗora masa laifi, aka harbe shi a watan Yuli na wannan shekara. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tsara wani aiki, aka kawo rahoton da ya faɗi gaskiya, aka yaba masa, sannan aka kulle shi a durowa saboda mai gida ya riga ya yanke shawara, zai fahimci abin da ya faru a Balin da Mosko.

To, wannan shi ne abin da teburin ya iya koyarwa, kuma ba ƙarami ba ne. Yanzu bari in koma ga abin da ya ɓoye, wanda a nan ne kunnen ɗalibin harshe ya fi amfani. A jikin akwatunan da ake ajiye sojojin an rubuta kalmomi biyu: "Jamusawa" da "Rashawa". Ko ɗaya daga cikinsu ba ta cika gaskiya ba. A ɓangaren Jamus akwai sojojin Romaniya da Hangari da Italiya da Finlan, har da 'yan sa-kai daga Sifen. Rundunar Sobiyet kuwa ta ƙunshi 'yan Yukren da Belarus da Tatar da Uzbek da Armeniyawa da sauransu. Runduna ta 316 ta Janar Panfilov, wadda ta yi suna wajen kare Mosko a 1941, a Alma-Ata ta ƙasar Kazakistan aka haɗa ta. Sitalin kansa ɗan Jojiya ne. Kalma guda ta haɗiye al'ummai da dama, kuma wanda bai san haka ba zai sha wahalar fahimtar dalilin da ya sa har yau ake jayayya a kan wane ne magajin wannan nasara.

Da muka zauna shan shayi na faɗi wannan magana, sai alƙalin wasan ya yi murmushi ya ce in tambaye shi a wane akwati za a sa shi. Kakanninsa na wajen uba Jamusawa ne da suka zauna a bakin kogin Volga tun bayan gayyatar da Sarauniya Katarina ta yi a 1763. Ranar 28 ga Agusta, 1941, gwamnatin Sitalin ta ba da dokar kwashe su zuwa Saberiya da Kazakistan bisa zargin za su haɗa kai da Hitila. Kakansa na wajen uba ya ƙare a sansanin aikin tilas, na wajen uwa kuma ɗan Yukren ne da ya yi yaƙi a rundunar Sobiyet. Shi a Kazakistan aka haife shi, inda yara ke kiransa Bajamushe. Da iyalinsa suka ƙaura zuwa Jamus a shekarun 1990, sai aka koma kiransa ɗan Rasha. Ya ce shi ya sa ya fi son alƙalanci, domin ba ya iya zaɓar ɓangare.

Abu na biyu shi ne lafazin littafin dokoki. Idan harbi ya sami rukunin sojoji, cewa ake yi "an cire shi daga teburi". A Hausa muna da wannan ɗan ƙaramin lafazi "an", mai ba da labarin aiki ya ɓoye mai aikin, kuma kowane harshe yana da irin tasa hanyar. Kowace T-34 da na ɗora wa auduga mutum huɗu ne a cikinta, yawancinsu samari. 'Yan gidajen katakon da ke kan teburi kuwa babu kowa a ciki, amfaninsu kawai su ƙara wa sojan da ya fake a bayansu maki. Amma cikin mutum kimanin miliyan 27 da Tarayyar Sobiyet ta rasa, farar hula sun fi sojoji yawa. An yi wa Leningirad ƙawanya kwana 872. A Babi Yar da ke Kiyef an harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu a watan Satumba na 1941. A ƙauyen Khatyn na Belarus an hallaka mutum 149 ranar 22 ga Maris, 1943, rabinsu yara. Daga cikin fursunonin yaƙi na Sobiyet kimanin miliyan 5.7, fiye da miliyan 3 sun mutu a hannun Jamusawa. Takardun da suka tsara waɗannan abubuwa da kalmomin ofis aka rubuta su, irin su "tsabtace yanki" da "kulawa ta musamman". Wani masanin harshe Bayahude na birnin Dresden, Victor Klemperer, ya tsira da ransa ya wallafa littafi a 1947 a kan yadda mulkin Nazi ya gurɓata Jamusanci. Tun daga ranar, duk sa'ad da na karanta "an kakkaɓe" ko "an share yankin" a kanun jaridunmu, sai in tsaya in tambayi kaina: wa ya yi, kuma su wane ne a cikin gidajen?

Akwai kuma dalilin da ya sa masu wannan wasa a Turai da Amurka suka daɗe suna kallon sojan Jamus a matsayin gwani mai tsabtar hannu. Bayan yaƙi, sashen tarihi na sojan Amurka ya ɗauki Franz Halder, tsohon shugaban hafsoshin Jamus, ya jagoranci ɗaruruwan tsofaffin hafsoshi suka rubuta tarihin fagen gabas. Suka ɗora kurakurai a kan Hitila, suka ɗora shan kashi a kan sanyi da yawan abokan gaba, suka yi shiru a kan kisan farar hula. Masana biyu, Ronald Smelser da Edward Davies, sun nuna a littafinsu na 2008 yadda wannan labari ya ratsa har cikin wasannin yaƙi. A wannan fage, wanda aka kayar ne ya fara riƙe alƙalami.

Na tambayi dattijon da ya ci ni ko bai jin nauyin jan rundunar SS, ƙungiyar da kotun Nurembag ta ayyana a matsayin ta masu laifi a 1946. Ya ɗauko tanka guda ya nuna mini cewa babu tambarin Nazi a jikinta, dokar Jamus ta hana, kuma ko ba ta hana ba shi ba zai zana ba. Ya ce mahaifinsa ya je gabas yana ɗan shekara goma sha tara, ya dawo daga fursuna bayan shekaru, kuma har ya mutu bai taɓa faɗin abin da ya gani ko ya aikata a can ba. Shi kuma ya shekara talatin yana koyar da tarihi, ya lura yara na barci in ya karanto adadi, amma in ya ba su runduna suka rasa ta da hannunsu sai su fara tambaya. Sharaɗinsa guda ne: ba a tashi daga teburi sai an karanta abin da ya auku a wannan wuri na gaskiya, har da abin da ya sami mazaunansa.

Ra'ayina shi ne dattijon yana da gaskiya, muddin ana cika sharaɗin nasa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Wanda ya zo teburin nan bai san tarihi ba zai tashi da sha'awar igwa da kaki, yana ganin yaƙi gasa ce tsakanin gwanaye biyu. Wanda kuwa aka haɗa masa wasan da karatu zai tashi ya san yadda shugaba ke yanke hukunci cikin duhu, da yadda umurnin da aka bayar cikin minti guda ke zama ajalin dubbai, da kuma yadda kalma ke rufe gawa.

Da magariba ta yi muka shiga tattara kaya. Kowane soja yana da gurbinsa a cikin soso, kuma doka ce a ƙirga su kafin a rufe akwati. Muka ƙirga nawa, ɗaya ya ɓace. Sai ga likita da direba da malami da ni kaina mun durƙusa a ƙarƙashin teburi da fitilar waya, har alƙali ya gano shi a bayan ƙafar kujera, ya hure masa ƙura, ya mayar da shi wurinsa. A filin Prokhorovka da kewayensa kuwa, masu aikin sa-kai sun shafe shekaru da dama bayan yaƙin suna tono ƙasusuwan sojojin da ba a san sunayensu ba.